Hannun Malam Lawan

"Ki matso da kwanon, Harira," in ji Audi mai kemis, yana tsiyaya ruwan magani a kan hannun.

Harira ta matso tana kau da kai. Yatsu uku suka rage wa Malam Lawan a hannun dama, tafin duk ya ƙone. Dattijon gumi kawai yake yi. Matarsa Larai tana danne da kafaɗarsa tana salati.

"Ni dai na gaya muku, wannan ya fi ƙarfina," Audi ya ce. "Aikin asibiti ne."

"Ba ni zuwa," in ji Malam Lawan da harshensa na Zamfara. "In sunka ga hannun ga, sun san abin da ya faru."

Ai kuwa duk unguwar Rafin Guza an san abin da ya faru. Jiya da la'asar Mardiyya, 'yar Harira, tana dawowa daga koyon ɗinki, 'yan sara-suka uku suka tare ta a bayan injin niƙa. Waya suke so, ita kuma da shegen taurin kai ta ƙi saki. Suka sare ta a kafaɗa, suka ɗaga adda za su ƙara. Layin cike yake da maza, amma me? Kowa ya ja ƙofar shagonsa. Malam Lawan mai sayar da itace, wanda katanga ɗaya ta raba gidansa da na Harira, shi ya fito da tsohuwar bindigar toka da ya gudo da ita daga ƙauyensu shekara shida da suka wuce. Ya ɗana, bindigar ta fashe a hannunsa. Duk da haka ƙarafunan sun sami ɗaya daga cikin samarin a ciki, kafin magariba ya cika. Faruk ne, ɗan layin baya. Harira ta ci tuwon sunansa.

Tun daga nan unguwa ta rabu biyu. A wajen mai shayi wasu na cewa namijin duniya ne, wasu na cewa wa ya naɗa shi ɗan sanda? Masu bakin nan kuwa su ne dai waɗanda suka rufe shago. Kukan uwar Faruk kuma yana tsallako katangu safe da yamma, Harira na ji har cikin ƙirjinta.

A rana ta biyu ƙanenta Isma'ila ya zo, shi da yake aikin magatakarda a kotu. A zaure ya tsayar da ita.

"Yaya, ki saurare ni. Doka ta yarda mutum ya kare wanda ake shirin kashewa. Amma sai da shaida. In Mardiyya ta je ta faɗi abin da ya faru, ta nuna saran, laifin bindiga marar lasisi ne zai fi tsaya masa. In babu wanda ya buɗe baki, kisan kai ne zalla. Shi ya sa tsohon nan ya ƙi asibiti."

"Sauran mutanen layin ba su da baki ne?"

"Duk sun ce ba su ga komai ba."

"To nima 'yata ba ta ga komai ba! Abokan yaron sun aiko, duk wanda ya kira sunansu sai sun yanka shi. Ita kaɗai gare ni, Isma'ila."

Ta riga ta kai yarinyar Hayin Banki, gidan yayarta, ta ce ko ƙofa kada ta leƙa. Gaskiya tsoro take ji, tsoro mai hana cin abinci. Kunya ma tana ji. Sai ta dinga wanke kunyar da kunu: safe ta kai gidan Malam Lawan, yamma ta kai, tana ce wa kanta gobe za a san abin yi.

Larai ba ta taɓa roƙonta ba. Karɓar kwanon kawai take yi ta ce, "An gode, maƙwabciya." Da ma zaginta ta yi, da ya fi wa Harira sauƙi.

A rana ta biyar ɗakin Malam Lawan ya ɗauki wari. Hannun ya kumbura har gwiwa, ya yi baƙi, muƙamuƙinsa ya fara datsewa. Harira ta durƙusa ta gaishe shi. Da kyar maganar ta fito ta tsakanin haƙora.

"Ɗiyar ta samu sauƙi?"

"Da sauƙi, Baba."

"To madalla." Ya numfasa. "Shi kuwa yaron, an ce shekara sha bakwai gare shi. Sama ni so in harba, Allah shi na sani. Irin abin ga na baro gida, ga shi ya biyo ni."

Harira ta fita ko kwanon ba ta ɗauka ba. Ta tari Keke Napep har Hayin Banki, ta tarar da Mardiyya zaune da bandeji a kafaɗa.

"Sa hijabinki."

"Umma, tun ranar nake ce miki mu je."

"Na ji. Tashi!"

Suka dawo suka gaya wa Malam Lawan Mardiyya za ta ba da shaida, suka ɗauke shi tare da Larai. A asibiti ba wanda ya tsaya jan magana, nan take aka ba shi gado. Nas ɗin da ta warware tsumman ta dube su ɗaya bayan ɗaya ta ce, "Haba bayin Allah! Kwana biyar?"

Asibitin ya sanar da 'yan sanda, kamar yadda aka saba. Wani kofur ya zo da yamma, ya rubuta bayanin Mardiyya shafi biyu, ya duba saran, ya gyaɗa kai.

"Wannan zai taimake shi sosai," ya ce. Sannan ya ciro ankwa ya maƙala ƙafar Malam Lawan da ƙarfen gado.

"Ranka ya daɗe, mutumin da ko ruwa ba ya iya haɗiya?" in ji Larai.

"Mama, ki yi haƙuri. An rasa rai a maganar nan. Har sai alƙali ya duba, a hannunmu yake."

Alƙali bai samu dubawa ba. Washegari da hantsi Malam Lawan ya rasu, Larai na shafa masa ruwa a leɓe. Ta rufe masa ido, ta yi salati, ta ce a gaya wa mutanen unguwa a yi jana'iza bayan azahar.

Sai dai kofur ɗin ya sauka daga aiki tun da safe, mabuɗin ankwar yana aljihunsa. Wanda ya canje shi ya tsaya a baranda yana ta kiran waya, ba ta shiga. Isma'ila ya hau babur ya tafi neman kofur ɗin na jiya. Masu makara suka iso suka zauna a gindin bishiya.

Aka kira azahar suna nan zaune, Larai da Harira da Mardiyya a gefen gado. Zanen da aka lulluɓe gawar da shi bai kai ƙafa ba. Harira ta cire mayafinta, ta ninka biyu, ta rufe ƙafar da ƙarfen gaba ɗaya, ta koma ta zauna kusa da Larai.