Kujerar da Ta Zauna a Kan Baba

Jiya da dare, bayan mun rabu da Baba rai a ɓace a kan maganar kujeru, na yi wani mafarki.

Ƙanwata Rumasa'u ce za ta yi aure bayan Sallah, kuma kamar yadda aka saba, mu ne da kayan ɗaki. Baba ya samo wani shago da ke ba da kaya haya, kana biya wata-wata har su zama naka. Na yi masa lissafi a bayan kwalin sukari, na nuna masa kafin ya gama zai biya kuɗin kujera biyu a kan ɗaya, kuma ranar da ya gaza za su kwashe kayansu, abin da ya zuba ya bi ruwa. Na ce wannan gasar kayan ɗaki tana cinye iyaye da ransu, kowa na gani ya yi shiru. Baba ya ce, "Farfesa, ranar da dangin ango suka zo ganin ɗaki, lissafin naka zan shimfiɗa musu su zauna?" Farfesa yake ce mini, don ni ne ɗan fari, ba ya kama sunana. Ya ce da safe zai je ya sa hannu.

A mafarkin sai ga ni a wani gari da ruwan sama ke fitowa daga ƙasa yana hawa sama. Komai na garin yana cikin ledarsa: bishiyoyi, kekuna, har kaji. Na tsaya wajen wani mai shayi na tambaye shi dalili.

"Ba a gama biya ba," in ji shi.

Ya haɗa mini shayi. Na kurɓa, na ji salam.

"Malam, ba sukari."

"Akwai. Zaƙin ne sai wata mai zuwa."

Sai na gan ni a cikin shagon kujeru. Manajan akuya ce, da tabarau da agogo a ƙafar gaba. Tana zaune a bayan tebur tana tauna kwalin da na yi lissafi a kai.

"Kai ne Farfesa? Lissafinka daidai yake," ta ce. "Gishiri ne kawai ya yi kaɗan."

Ta zaga da ni. A shagon, wata na farko ƙafar kujera ɗaya ce taka, kuma an yarda ka riƙa zuwa kana gaishe ta. Na ga wani mutum a tsaye ya ɗora gwiwar hannunsa a hannun kujera, don iyakar abin da ya mallaka ke nan. Ya ce mini yana jin daɗi ƙwarai. Can gefe wani tsoho mai farin gemu yana ta karɓar barka, ya gama biyan gadon jariri. Jaririn yana tsaye kusa da shi, riƙe da nasa jikan.

Na ce, "Wannan zalunci ne tsagwaronsa!"

"Sashen zalunci yana hawa na sama," in ji akuyar. "Sai dai ba mu gama biyan matakalar ba."

"Ina mahaifina?"

"An tafi da shi jere."

"Ya sa hannu?"

"Tukuna. A nan kaya ake fara ɗauka. Sa hannu sai hannu ya sami sarari."

Sai ga ni a falon amarya. Ƙannen mahaifiyarmu da matan unguwa suna ta jere, wannan na kafa labule, waccan na shirya kwanuka a kabad, ana rangaɗa guɗa. A tsakiyar falon Baba ne durƙushe, gwiwoyi da tafin hannu a ƙasa, sanye da babbar rigarsa ta Juma'a. A gadon bayansa wata ƙatuwar kujera ce mai zaman mutum uku, ruwan zuma, cikin ledarta. A wannan gari kujera ce ke zama a kan mutum har sai ya gama biya. Ba wanda abin ya dama. Wata ma ta ce ya ɗan matsa hagu don ya yi daidai da talabijin, ya matsa.

"Farfesa, ka ga kalar?" ya ce yana murmushi. "Ta dace da labulen."

"Baba, bayanka fa."

"Bayana nawa ne. Shi kam na gama biyansa tuntuni."

Na hau kan teburin tsakiya na fara jawabi. Na ce mu ne muka ƙirƙiro wannan kunya da hannunmu, mu ne kuma za mu kashe ta. Na ce amarya zama za ta yi da mijinta, ba da katako ba. Amma duk kalmar da ta fito daga bakina, a naɗe take fitowa cikin leda ta faɗi ƙasa. Matan suka riƙa tsincewa suna gogewa da bakin zani suna jerawa a kabad tare da kwanuka.

"Wannan babba ce, a sa ta can sama," in ji wata. "Yaron akwai karatu, tubarkalla."

Daga nan dangin ango suka iso, ta taga, a jere, kowacce da jakarta a hammata. Gwaggo Lantana ce a gaba, ƙanwar uban ango, wadda aka ce ba ta taɓa shiga ɗakin amarya ta fito ba ta sami abin faɗa ba. Ta danna katifa da yatsa. Ta ɗaga murfin tukunya ta leƙa. Ta ƙwanƙwasa wadirof.

"Wa'alaikumus salam," in ji wadirof ɗin. "Ku yi haƙuri, ni ma baƙo ne, ban san ko zan kwana ba."

Sannan ta zauna a kujerar, sauran suka biyo ta. Na ga bayan Baba ya lanƙwashe.

"Hajiya, kin ji daɗin zaman?" ya tambaya daga ƙasa.

"Ba laifi. Sai dai tana numfashi."

"Yayinta ake yanzu," in ji ta kusa da ita. "Ta 'yar gidan Alhaji Ɗanjummai mai zaman mutum bakwai ce. Uba da kawu ne a ƙarƙashinta."

Suka jinjina kai, aka miƙa musu lemo.

Amarya ba ta zuwa jerenta, amma a mafarki ba mai hana ta. Rumasa'u ta shigo a lulluɓe, hannunta jawur da lalle. Ta duba kusurwa-kusurwa tana neman Baba, har ta hango ƙafafunsa. Ta durƙusa, ta kai fuskarta daidai tasa.

"Baba, tafiya zan yi. Ka dafa kaina ka sa mini albarka."

Sunan mahaifiyarsa ne da ita, shi ya sa yake ce mata Uwata. Ya dubi hannunsa na dama, ya dubi na hagu.

"Uwata, kin ga duk suna aiki. Ki dawo in an gama biya."

Rumasa'u ta miƙe. Ta sa farce ta keta ledar kujerar, tun daga sama har ƙasa.

"Ba a cire leda!" akuyar ta yi ihu daga taga.

Babu soso a ciki, babu auduga. Da watannin Baba aka cusa ta, waɗanda bai riga ya rayu a cikinsu ba. Suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya, farare, kamar ƙananan tantabaru. Ga watan da zai gyara rufin ɗakinsa. Ga na maganin hawan jininsa. Ga wani da ba komai a cikinsa sai shi da abokansa a ƙofar gida bayan la'asar, suna cin gyaɗa suna gardamar ƙwallo. Suka bi ta taga, ruwan garin ya yi sama da su.

Gwaggo Lantana ta cafke ɗaya ta leƙa ciki. Ta daɗe tana kallo. Sai ta sake shi, ta gyara mayafinta, ta sauko ta zauna a ƙasa.

"Ni dama kujera na tayar mini da ciwon baya," ta ce. "Ku sauko mana, kun wani baje kamar a gidan ubanku."

Suka sauko. Amma kujerar ba ta rage nauyi ba. Yadda take ƙara zama wayam, haka take ƙara danne shi. Na duba bakina, kalmomi sun ƙare, duk suna kabad. Sai na sunkuya na shigar da kafaɗata ƙarƙashin ɓangaren dama, Rumasa'u ta kama ƙafa ɗaya, Gwaggo Lantana ta tokare da jakarta tana cewa kada wanda ya faɗa a waje. Muka ɗaga kaɗan. Hannun Baba na dama ya bar ƙasa.

Ya ɗaga shi a hankali. Rumasa'u ta sunkuyar da kai. A daidai nan akuyar ta diro daga taga, ta cusa masa biro tsakanin yatsu.

"Hannu ya sami sarari, Malam. A nan za ka sa."

Hannun ya tsaya a iska, ga takarda, ga kan amarya. Sai kujerar ta fara tari. Ta yi tur-tur ta ɗauke. Ta sake yi ta ɗauke.

Na buɗe ido, gari ya waye. Tsohon babur ɗin Baba ne a zaure, yana ta buga masa kik ya ƙi tashi. Na fita ko takalmi babu, na riƙe kan babur ɗin.

"Wani jawabin ne, Farfesa?"

"A'a, Baba. Mu fara biyawa ta wajen kafinta. Abin da hannunmu ya kai, shi za a yi mata. Albashina na ciki."

"Ni ma dai a tambaye ni," in ji Rumasa'u daga tsakar gida, da tsintsiya a hannu. "Kujera ɗaya ta ishe ni, in dai za ka zo ka zauna a kai."

Baba ya dube ta, ya dube ni, ya dubi babur ɗin.

"To, saki kan," ya ce. "Koma baya ka tura."

Na tura.