Abban Cikin Waya

Kular shinkafa da miya. Kular soyayyun kaji. Tabarma biyu, buta, dardumar salla. Zoɓo a robobi, ƙanƙara a leda. Yaji a kwalba, daga Funtuwa. Lemar ruwan sama guda, ita ma daga Funtuwa. Tayar roba mai kan agwagwa, an riga an hura ta, ta cinye rabin kujerar baya. Sai Kawu Isha'aku a gaba. Motar tasa ce, amma ya ce Zaharadden ya tuƙa, don kada gobe a ce da hannunsa a wannan hauka.

"Shekara talatin da ɗoriya ina Jidda," in ji Kawu, "ban taɓa ganin mai hankali ya nufi teku da rana tsaka a watan Agusta ba. Nan sai an yi la'asar ake fitowa. Ko kifi yanzu barci yake."

"Kawu, ni ba zan kai 'ya'yana bakin ruwa da magariba ba," Bara'atu, matar Zaharadden, ta ce daga kujerar baya, agwagwar roba na dungurin kumatunta. "Ko a kududdufin unguwarmu ba a yi, balle ruwan da ya cinye Fir'auna."

"Aljanun Jidda sun waye, 'yar nan. Ba sa taɓa baƙi."

"To su ci wayewarsu. Mu da rana za mu."

Fauziyya, mai shekara takwas, ta manna hanci a gilashi tun daga unguwar Madain Fahd. Duk ginin da ta ga shuɗi sai ta yi ihu, "Ga shi can!" Kawu ya juyo ya ce, "Amaryata, wannan gidan mai ne." Ta ƙyalƙyale, ta sake jiran wani.

Zaharadden yana dariya tare da su, amma idonsa na madubi. Rayan na zaune a cinyar uwarsa, ya rungume wuyan agwagwa. Da idonsu ya haɗu, yaron ya sunkuyar da kai.

Shekara biyar Zaharadden yana tsaron wani kantin abaya da turare a unguwar Balad. Iyalinsa sun zo da bizar umara lokacin dogon hutu, ranar Asabar za su koma. A filin jirgi Fauziyya ta ruga ta ɗare shi. Rayan ya shige cikin hijabin uwarsa. An haife shi bayan tafiyar uban, sau ɗaya suka haɗu, yana jariri. Ya san Abba sarai. Abba a cikin waya yake. Kullum bayan magariba fuskarsa ke fitowa, ya tambayi me aka ci, ya yi kukan akuya a yi dariya. Wannan dogon mai gashin ƙafa da minshari kuwa, Rayan ya raɗa masa suna "mutumin nan".

Tun zuwansu yaron ke ɗaukar wayar uwarsa yana jira. Bara'atu ta ce, "Abban Fauziyya, ka fita tsakar bene ka kira shi mana, ko ya samu ya yi barci." Zaharadden ya ce ba zai yi ba. Yana zaune gaban ɗansa, ya kira shi a waya? Da dabararsa. Ya fi shekara yana yi wa yaron alkawari a waya cewa zai kai shi teku. In ya kai shi, yaron zai gane.

Akwai kuma kafilinsa, Abdulelah, mai kantin, wanda ya tsaya masa a ƙasar. Iƙamar Zaharadden, takardarsa ta zama a ƙasar, ta kusa ƙarewa. Abdulelah ya ce zai sabunta, ya kuma damƙa masa sabon kanti a Aziziyya, in ya yarda da ƙarin shekara biyu. Gobe yake son amsa. Gidan da suke ginawa a Funtuwa saura rufi. Da aka gaya wa Kawu, cewa ya yi, "Karɓi abinka. Ni ma shekara biyu na zo yi."

Suka isa Abhur, wurin da aka yarda a yi wanka. Filin ajiye motoci fayau, ba mota ko ɗaya. Kawu ya buɗe ƙofa, tabaransa suka yi hazo nan take. Ya rufe.

"Halas, shi ke nan. Na ga teku. Ku gaishe shi."

Wani mai gadi ya leƙo daga rumfarsa mai sanyi, ya dube su, ya dubi rana, ya faɗi wata magana da Larabci ya koma ciki.

"Me ya ce, Kawu?" in ji Bara'atu.

"Ya ce barka da zuwa."

"Kawu, na ji majanun. Ko a Funtuwa mun san majanuni."

Fauziyya ba ta tsaya ji ba. Ga ruwan shimfiɗe har ƙarshen ido, shuɗi, yana ƙyalli, ba kowa a bakinsa. Ta yar da takalma ta kwasa. "Duk namu ne! Umma, duk namu ne!" Taku uku ta yi a kan yashi ta fara tsalle da ƙafa ɗaya, ta koma ɗayar, tana ihu tana dariya, ba ta tsaya ba sai da ta faɗa ruwa.

Aka kwashi kaya da gudu. Ƙanƙarar ta zama ruwa tun a hanya. Bara'atu ta ɗaga waya za ta ɗauki hoto, wayar ta rubuta cewa ta yi zafi, ta mutu. Ta Zaharadden ma haka. Aka mayar da su mota wurin Kawu su sha iska. Aka kafa lemar Funtuwa a yashi, inuwarta ko tire bai kai ba.

Bara'atu ta yi bisimilla, ta tofa addu'a gabas da yamma, ta tattare zani ta shiga. Ta ɗebo ruwan a tafi ta lasa.

"Innalillahi! Wace ƙazamar ce ta yi wannan miya?"

"Umma, gishirin Allah ne!"

"To ya isa haka, a sauke."

Ta ƙara gaba. Iska ta shige ƙarƙashin hijabinta, ya kumbura ya zama tantin Mina. Fauziyya ta watsa mata ruwa. Ita ma ta rama. Matar da Zaharadden ya sani da kunya, wadda ko dariya sai ta rufe baki, ga ta tana korar 'yarta cikin teku tana shewa kamar ranar kamu. Shi ma ya shiga da wandonsa da singileti, ruwan ɗumi kamar na wankan jego. Bai iya iyo ba. Shekara biyar yana wucewa ta gefen tekun nan a mota, yau ya fara taɓa shi.

Can sai ga Kawu ya fito, ya naɗe jallabiya har cinya, yana taka yashi kamar zakara a kan kwanon rufi. "Na zo in ga kada ku nutse ne kawai," ya ce. Bai rufe baki ba Fauziyya ta jiƙa shi. "Amaryata, saki uku!" Ya cire hula ya cika ta da ruwa ya bi ta.

Rayan kaɗai ya rage a tabarma. Ya zauna ƙarƙashin lema, ya cire takalma ya jera su, agwagwa a gefensa. Gumi na bin wuyansa.

Zaharadden ya fito, ya tsuguna a gabansa, ruwa na ɗiga daga gemunsa.

"Rayan, ga teku. Taso mu shiga."

Yaron ya dubi uwarsa can nesa. Ya girgiza kai.

"Ba zurfi. Zan riƙe ka."

"Abba ne zai kai ni."

"To ai ga ni."

"Abba ya ce shi zai kai ni. Ina jiransa."

Ya faɗa ba tsiwa, kamar mai ba baƙo haƙuri. Zaharadden ya yi kukan akuya, irin na waya. Yaron ya dube shi da mamaki, ya matsa baya kaɗan, ya ja agwagwarsa. Zaharadden ya miƙe. Ya tsaya yana kallon ruwa, rana na dukan ƙeyarsa.

Iska ce ta raba gardamar. Ta zo bagatatan ta juya lemar Funtuwa ciki waje, ta ɗauki agwagwa ta mirgina ta a kan yashi kamar taya.

"Agwagwata!"

Rayan ya bi ta ba takalmi. Ya yi nisa da tabarma kafin zafin ya kai masa. Ya tsaya cak a tsakiyar yashi, ya ɗaga ƙafa ɗaya, ya ɗaga ɗayar, ya tsala ihu. Zaharadden ya isa gare shi kafin ihu na biyu. Ya sure shi. Tabarma na baya, ruwa ya fi kusa. Ya ruga da shi cikin teku har ƙugu, ya tsoma ƙafafun.

Yaron ya ƙanƙame wuyansa, yana shessheƙa. Wata 'yar igiyar ruwa ta taso ta mare su a ƙirji. Rayan ya daina kuka. Ya lashi leɓe, ya yamutsa fuska. Wata ta sake zuwa. Zaharadden ya yi tsalle da shi, ta wuce ta ƙasa.

"Ƙara," in ji Rayan.

Ya ƙara.

"Ƙara!"

Daga nan ba a sake jin kunnen kowa ba. Rayan ya hau wuya, ya kama kunnuwan Zaharadden kamar linzami. Ya ja na dama, a yi dama. Ya ja na hagu, a yi hagu. "Ku kama Kawu!" Suka bi Kawu. Kawu ya gudu, ya ci karo da agwagwar da ruwa ya dawo da ita, ya zauna daɓas a cikinta, ƙafafu sama. "Ya jama'a! Ku cire ni! Ina da jikoki a Makka!" Ba wanda ya iya cire shi don dariya. Mai gadi ma ya fito daga rumfarsa ya riƙe ciki. Bara'atu ta dubi mijinta da yaron a wuyansa, ta ɗaga masa gira. Ya kawar da kai, bakinsa ya ƙi rufuwa.

Suka yi azahar a tabarma, goshi na ƙuna. Suka ci shinkafa da yashi a ciki, suka sha zoɓo mai ɗumi. Rayan ya ci cinyar kaza a kan cinyar Zaharadden, ya goge hannu a singiletinsa. Suka koma ruwa. Suka sake fitowa.

Da aka yi la'asar motoci suka fara shigowa. Mutanen Jidda suna fitowa fes, da kujerun naɗewa da butocin shayi, suna kallon waɗannan da suka yi baƙi ƙirin, gishiri ya bushe fari a goshinsu.

"Yanzu ake zuwa teku," in ji Kawu.

"Yanzu ake barinsa," in ji Bara'atu. "Yalla, ko ba haka kuke cewa ba? A kwashe."

Aka loda kaya. Aka sace iskar agwagwa. Zaharadden ya zauna, ya sa makulli. Wayoyi sun huce, sun farfaɗo. Rayan ya hango ta uwarsa.

"Umma, kira Abba. Zan gaya masa."

"Kai, ga Abba nan a gabanka!" in ji Fauziyya. "Wuyan wa ka hau tun ɗazu?"

"Fauziyya," in ji uwar.

"Umma, kira shi. Ya daɗe bai zo ba."

Kawu ya shiga goge tabarau. Zaharadden ya saki sitiyari. Sannan ya ɗauki wayarsa, ya fita, ya bar ƙofar a buɗe. Ya zagaya bayan rumfar mai gadi, inda ba a hango shi daga mota. Ya gyara wuyan riga. Ya kira.

Fuskar yaron ta cika wayar. Irin wannan murnar, Zaharadden bai gan ta ido da ido ba tun zuwansu.

"Abba! Abba, ina ka tafi? Na shiga teku! Da gishiri! Kawu ya maƙale a agwagwa!"

"Kai, haba? Wa ya kai ka?"

"Mutumin nan. Kai ba ka zo ba."

"Ban zo ba. Ka yi haƙuri."

"Ba komai. Abba, ya iya tsalle. Ya iya kukan akuya, amma bai kai naka ba. Yana minshari." Yaron ya matso da baki kusa da wayar, ya rage murya. "Abba, mu tafi da shi gidanmu?"

"Me zai yi maka a gida?"

"Ya riƙa ɗaukata. Kai ai ba ka da wuyan da zan hau."

Bayan rumfar na'urar sanyi na huro iska mai zafi a ƙafafunsa. Zaharadden ya dubi ƙaramin hotonsa a kusurwar wayar. Fuska ce kawai, daga haɓa zuwa goshi.

"Abba? Ka tsaya. Umma, Abba ya maƙale."

"Ina nan. Zan tambaye shi."

"Ka ce masa don Allah."

"Zan ce."

Ya kashe. Ya dawo ta cikin masu shigowa da kujerunsu. Bara'atu na kallon waje, ta ja hijabi ta rufe baki. Rayan ya leƙo tsakanin kujeru, ya dube shi sama da ƙasa, yana jiran ya ga ko saƙo ya iso.

Zaharadden ya zauna, ya ja ƙofar ya rufe.

"Kawu, gobe ka raka ni wurin Abdulelah, Larabcinka ya fi nawa. Ka ce masa kada ya sabunta iƙamar. Gida zan tafi."