Sabon Babur ɗin Na'Allah

Da Labbo ya dawo daga yaƙin Boma, ba abin da ya shigo da shi Bafarawa sai tabo a ƙwauri da iya hawan babur. A soja aikinsa ke nan, kai saƙo daga wannan sansani zuwa wancan cikin laka da ruwan sama. Ya tuɓe kaki ya koma gonar ubansa, ya auri Maryamu, 'yar wani maƙeri a Turba, mace mai yawan dariya wadda ba ta iya zama hannu sake.

A kakarsu ta biyu tare, kububuwa ta sare ta tana roron wake. Kafin a kawo ta gida ƙafar ta kumbura, jini ya fara tsattsafowa daga dasashinta. Mai maganin gari ya yi abin da zai iya, sannan ya ce a kai ta ɗakin magani na Isa, kuma a hanzarta. Doki ɗaya ne mai ƙarfi a unguwar, na Na'Allah, ɗan wan uban Labbo, wanda ke fataucin fata da goro tsakanin Isa da Maraɗi. Labbo ya same shi a zaure yana cin goro, ya durƙusa ya roƙe shi. Na'Allah ya ce dokin na da tafiya washegari, kuma bai son a ɗora masa mutum biyu a wahalar da shi. A nemi jaki. A kan jakin ne Maryamu ta cika, ba su ko kai rabin hanya ba.

Na'Allah ya zo ta'aziyya da ƙwaryar gero, ya ce kwana ne ya ƙare. Labbo ya ce haka ne. Tun daga nan yana gaishe shi kullum, yana halartar sunan 'ya'yansa, kuma bai taɓa tayar da maganar ba ko da wasa. Dangi suka ɗauka ya manta. Shi kuwa bai sake aure ba, kuma duk sanda ya ji haniniyar dokin nan sai tuwo ya fita ransa.

Bayan wasu shekaru kasuwa ta buɗe wa Na'Allah. Wata bazara motar kaya ta taho daga Ƙaura Namoda ta sauke masa babur sabo fil, baƙi, tankinsa na ɗaukar ido. A duk ƙasar Isa babu mai irinsa in ban da Bature da wani ma'aikacin En'e. Mutane suka yi ta zuwa kallo har daga ƙauyuka. Sai dai mai babur bai san ko inda ake tayar da shi ba, don haka ya aika a kira Labbo.

"Soja," in ji shi, "ga dabbarka ta zo. Mai kanti ya ce a bi ta sannu har ta saba. Kai ka san mi yake nufi."

Labbo ya sani sarai. Sabon inji a matse yake, ƙarfe bai saba da ƙarfe ba. Sai an yi ta tafiya da shi a hankali, ba gudu, ba kaya, ana tsayawa ya huce, ana juye baƙin mai a zuba sabo, kafin ya sake jiki. Wanda ya matsa masa tun yana ɗanye ya kashe shi. Ya shafa tankin, ya ce babu komai, zai hora shi.

Ya fara yadda ya kamata, don yana so Na'Allah ya ɗanɗani daɗin abin tukuna. Da sanyin safiya yakan zaga gari da shi, injin na bugawa a natse, sannan ya ɗauki mai shi a baya su je kasuwa mutane na darewa. Na'Allah ya sa aka ɗinka wa sirdin riga ta jar fata, ya sayar da dokin, ya fara cewa da shi zai shiga Maraɗi Faransawa su gani. Abin da Labbo bai yi zato ba shi ne babur ɗin zai shiga ransa. Inji ne mai biyayya, bugu ɗaya yake tashi, kuma kullum muryarsa na ƙara washewa. Wata rana ya tsinci kansa yana goge shi da gefen rigarsa, sai ya jefar da tsumman da ke ɗaya hannun ya tafi gida.

Ranar da ya zaɓa, ya gaya wa Na'Allah cewa sauran abu guda: a buɗe wa injin wuta a doguwar hanya, in ba haka ba zai tashi malalaci. Ya ce tsakar rana ta fi, ƙarfe ya yi laushi. Na'Allah ya sa babbar riga, ya ɗaura ƙunshin fatu a baya don kada a je Isa hannu wofi, ya haye. Mutum ne mai jiki, babur ɗin har ya durƙusa.

Suna fita gari Labbo ya bar turba ya faɗa rairayi. Ya riƙe ƙaramar giya, ya murɗe totur har ƙarshe. Injin ya yi ta kururuwa, zafinsa na gasa masa ƙwauri, warin ƙonannen mai na tasowa. Na'Allah yana baya yana dariya, yana cewa a ƙara. Labbo ya so su kai gindin wata tsamiya inda aka sauke gawar Maryamu daga jaki, amma injin bai kai su ba. A wani fili da babu ko inuwar geza ya fara ƙwanƙwasa, ya yi wata ƙara kamar an karya tabarya, tayar baya ta cije, suka zube a rairayi.

Na'Allah ya tashi yana kaɗe riga, ya ce a sake tayarwa. Labbo ya taka kik ɗin don ya nuna masa. Ko motsi bai yi ba.

"Ba shi tashi, Yaya. Ya mutu. Ni na kashe shi, da gangan."

Na'Allah ya tsaya yana dubansa, bai gane ba.

"Ranar da maciji ya sari Maryamu na roƙe ka doki."

Na'Allah ya ɗauki lokaci kafin ya tuna, kuma wannan jinkirin ya fi komai ƙona wa Labbo rai. Da ya tuna, cewa ya yi ai wancan al'amari na Allah ne, kuma ya daɗe. Labbo ya ɗauki gorar ruwan da suka taho da ita, ya ajiye masa a kan sirdi, ya juya ya nufi Bafarawa a ƙafa. Da ya waiwaya daga nesa, ya hango shi ya tuɓe babbar riga yana ƙoƙarin tura babur ɗin, tayar na jan rairayi.

Na'Allah ya kai ƙara gaban alƙali a Isa. Dattawan dangi suka bi Labbo suna ba shi baki ya ce kuskure ne, tsautsayin ƙarfe, a kashe maganar a gida. Ya ƙi. A gaban alƙali ya faɗi abin da ya yi da dalilinsa, da ƙarfi yadda na waje za su ji, ya ambaci sunan matarsa. Aka yanke masa ɗauri, ya yi daminar nan a gidan yari yana noman gonar hukuma.

Injin kuwa, raƙumi ya kai shi Ƙaura, aka ce sai an aiko da kayan gyara daga Ikko. Da suka iso aka haɗa, ya tashi, amma yana tari yana hayaƙi, kuma ba ya iya hawa tudu da mutum biyu. Na'Allah ya sayar wa wani mai gyaran keke.

Da aka saki Labbo bai zauna Bafarawa ba. Ya bar wa ƙanensa Atiku gonar, ya koma Unguwar Lalle, ya shiga aikin wata motar gyaɗa mai zuwa Sabon Birni, daga baya ya zama direbanta. Atiku ya taɓa tambayarsa ko ya yi nadama. Ya ce injin kaɗai yake tausayi, don bai yi masa laifin komai ba.