Hanyar Gefen Rafi

Tela ya ture almakashi da guntayen yadi gefe, ya shimfiɗa takardar da ya kwana uku yana zane a kanta. Taswira ce, in dai za a kira ta haka. Da allin ɗinki ya zana ta: ga bakin gari, ga gonaki, ga tsohuwar gada, ga hanyar da ta zagaya gefen rafi, ga inuwar manyan itatuwa inda za su ci abinci su juyo. Kilomita arba'in zuwa da dawowa. Da tef ɗin wuyansa yake auna ta, kamar mai auna hannun riga.

Ranar Litinin Autansa zai tafi. Ya samu aiki a wani asibiti can ƙetaren teku. Shekara uku aka ce, amma Tela ya san yadda ukun nan take komawa goma. Asabar kaɗai ta rage, kuma abu ɗaya yake so a cikinta: yini guda a kan keke, shi da ɗansa, kamar da can da yake ɗora shi a kariya, yaron na riƙe da bayan rigarsa yana zuba surutu. Tun yaron bai tafi ba kewarsa ta fara cin sa.

To, Auta bai ce to ba, bai kuma ce a'a ba. Sau uku ana tambayarsa, sau uku yana sosa ƙeya yana cewa, "Bari mu gani, Baba."

"Mu gani!" in ji Tela, da matarsa ta shigo shago da shayi. "Me za a gani? Keke ne bai taɓa gani ba, ko ni?"

"Maigida, ka bar yaron nan ya sarara. Kai ma likita cewa ya yi ka bi ƙirjin nan a hankali."

"Cewa ya yi in riƙa motsa jiki. Ki daina yi masa ƙari."

Da ta fita sai ya zuba wa takardar ido. Nisan ne ya yi wa yaron yawa, haka ya yanke. Mutumin da ke shirin tafiya, ina zai samu yini guda ya ba tsoho? Ya lashi babban yatsa ya goge hanyar gefen rafi, ya ja layi miƙe ta kan tudu. Ashirin da takwas ke nan, kafin ƙarfe huɗu sun dawo. Gogewar nan ta yi masa ciwo ƙwarai, don ya san awa biyu ya goge daga cikin ɗan abin da ya rage masa.

Ranar Alhamis da safe ya ce zai je sayen zare. Ya zuba wa sarƙar keken hawansa mai, ya ƙara wa tayoyi iska, ya sulale don ya gwada sabuwar hanyar da ƙafarsa. Har gada lafiya lau, iska na kaɗa masa riga, har da ɗan fito. Tudun ne ya nuna masa shekarunsa. Bai kai rabi ba ƙirjin ya riƙe, dole ya sauka ya tura, yana haki yana zagin tudun da wanda ya ajiye shi a wurin.

A can sama akwai rumfar wata mai sayar da lemu. Ta tura masa benci.

"Sannu, Baba. Zauna ka huta. Tudun nan ya ga mutane a makon nan! Shekaranjiya wani saurayi ya hau shi har sau biyu, ya sauka ya sake hawa, yana dafe da wuyan hannunsa yana duban agogo. Na ce ko lafiya?"

Tela ya karɓi lemun da ta yanka masa.

"Ya ishe ni da tambaya. Akwai hanyar da ba ta bi ta tudu ba? Ina inuwa, ina ruwan sha? In wani abu ya faru, mota za ta iya shiga? Wai babansa zai kawo. Ya ce tsohon akwai taurin kai, in aka ce masa ba zai iya ba, to, ranar zai yi." Ta yi dariya. "Kekensa ma abin kallo, an ɗinka wa sirdin riga da wani koren yadi mai ratsi."

Tela ya cire hularsa a hankali ya ɗora ta a kan sirdin nasa keken. Ragowar yadi ɗaya ne, da hannunsa ya ɗinka su biyun.

"Taurin kai ya ce?"

"Wallahi haka ya ce. Amma da ya faɗa sai da idonsa ya kawo ruwa."

Matar ta dubi hular, ta dubi tsohon, ta ƙara yanka masa wani lemun.

Da yamma Auta ya shigo shago, ya jingina da teburin yanka. Ya daɗe yana kallon takardar.

"Baba, zancen Asabar ɗin nan. Za mu je. Amma gaskiya ni ba zan iya hawan tudun nan ba, gwiwata na damuna. Mu bi ta gefen rafi."

Tela bai ɗago daga keken ɗinki ba. Gwiwar da ta hau tudu sau biyu! Ƙaryar ma bai iya ba, tun yana ƙarami haka yake.

"Rago kawai," ya ce. "Kana asibiti kana ciwon gwiwa? Kunya ma ba ka ji."

"Na ji, ni rago ne."

"Ka san dai ta fi nisa? Kilomita goma sha biyu ta ɗara. Ba za mu shigo gida ba sai rana ta kusa faɗuwa, ga kayanka ko ɗaurewa ba ka yi ba."

Auta ya ɗauki allin, ya fara mayar da layin da aka goge. Sawunsa na nan dishi-dishi a takardar, shi yake bi.

"Na sani, Baba. Sauri muke yi?"

Tela ya tsayar da keken ɗinki. Ya sunkuya kan allura kamar zaren ne ya tsinke, ya daɗe yana neman ramin, alhali zaren na nan a ciki.

"Gaya wa uwarka ta haɗa mana abinci mai yawa," ya ce. "Na yini guda."