Tsakuwar da Ta Lotsa

Antie Magrieta Obies ta fi shekara arba'in tana kiwon awaki a duwatsun bayan ƙauyenmu Kuboes, kuma takan ce babu tsiron da ba ta sani ba. Wata safiya da sanyi ta zauna cire ƙaya a wani fili mai farar tsakuwa. Tana dafa ƙasa, sai tsakuwa ɗaya ta lotsa a tafinta.

Ta sunkuya. Abin bai wuce ƙwan kurciya ba, fari da ɗigo-ɗigon toka, da tsaga a tsakiya kamar kofaton akuya. Ta sa farce, ruwa ya tsattsafo. Ashe tsiro ne. Guda bakwai ta gani.

Da ta gaya wa mijinta, Oom Gawie, sai ya yi dariya.

"Tsufa ne, Magrieta. Gobe kuma duwatsu za su gaishe ki."

"Tashi mu je, tsoho, in ƙafar za ta kai ka."

Sai da zafi ya shigo ya yarda ya bi ta. Suka tarar babu komai. Ya buɗe baki zai yi tsiya, ta durƙusa ta hure yashin. Ga su nan, sun nutse cikin ƙasa, sun yamutse, kawunansu kaɗai ke leƙowa.

"Su suka binne kansu?" in ji Oom Gawie, har da cire hula.

Ya tono ɗaya, ya dasa a gwangwani, kullum sai ya ba shi ruwa. Tsiron ya kumbura kamar zai yi magana, rana ta tara ya fashe.

"Kirkinka ne ya kashe shi," in ji ta. "Sauran shidan, kallo kawai."

Duk Lahadi bayan coci sukan je. Suka ga yadda sabbin ganye biyu ke fitowa daga tsagar, su tsotse tsofaffin har su koma kamar takarda. A shekara ta uku guda ɗaya ya yi fure, ja, ya fi tsiron kansa faɗi, yana ƙamshin madarar da ta kama tukunya. Da azahar yake buɗewa, kafin la'asar ya rufe.

Wata Lahadi a kwanakin furen na raka su. Oom Gawie ya kwanta rub da ciki yana jiran ya ga ƙwaron da zai sauka a kai. Awaki suka yi nisa, ni da Antie Magrieta muka bi su, muka bar shi a nan.