Rabon Jirgin Baba

Da Albashir ya yi ritaya daga ma'aikatar tsare-tsare a Birnin Kebbi, sai ya rasa abin da zai tsara, don haka ya tuna da jirgin ruwan mahaifinsa da ke kife a bakin gulbi a Argungu tun rasuwar tsohon. Ya rantse da hannunsa zai gyara shi.

Ya zauna a gidansa na Gesse ya yi kasafi irin na gwamnati: katako, ƙusa, kwalta, tsumman toshe tsaga, fenti, har da injin da zai ɗaura a baya. Ya ware wani abu don tashin farashi. Bai manta komai ba, sai abu guda: ba a taɓa raba gadon jirgin ba.

Ranar fara aiki, yana tsugune a bakin gulbin yana narka kwalta a kasko da hantsi, ƙaninsa Tamba, masunci, ya iso da gatari a kafaɗa.

"Yaya, mi kaka yi wa jirginmu?"

"Jirginmu? Kai da ka bar shi awaki na haihuwa a ciki?"

"Awakina ne, cikin rabona. Ka zo da fenti ka shafe, gobe a ce jirgin Alhaji. Ja baya in sare nawa, inna Sharifa mai sai da kifi na son itacen banda."

Albashir ya miƙe ya fara bayanin mataki na biyu na shirin. Tamba ya ɗaga gatari ya sauke a gindin jirgin.

Albashir bai san lokacin da ya rarumi filafilin tuƙa jirgin ya shimfiɗa masa a ƙeya ba. Tamba ya juyo ya ba shi goshi a baki, haƙori ya faɗa cikin yashi. Suka rungumi juna suka faɗa kan kasko, kwalta mai zafi ta kama ƙwaurin Tamba, ya yi ƙarar da ta tashi tsuntsayen fadama. Jini na zuba a rigarsa, Albashir ya fizge gatarin, ya auna kafaɗar ɗan'uwansa da dukkan ƙarfinsa.

Tamba ya mirgina. Gatarin ya nutse a cikin katakon ƙasa, na itacen maɗaci, wanda tsohon ya sassaƙa da kansa, shi kaɗai ne Albashir ya duba ya ga ba ya bukatar canji. Ya tsage tun daga kai har gindi.

Suka zauna suna haki. Ƙanwarsu Kulsumi, wadda ihun ya fito da ita, ta dubi ƙafar wannan, ta dubi bakin wancan, sannan ta dubi jirgin.

"To, kun dai raba," ta ce. "Saura nawa."

Ta zare gatarin ta fara sara. Albashir ya so ya hana ta, amma bakin ya kumbura.