Mataki na Talatin da Ɗaya

Makarantar su Ɗigo ce ta jawo mana kunkurun nan. A farkon zango aka aiko da takarda cewa kowane gida ya sauke wata manhajar lissafi a waya, yara su riƙa yi kullum. In ka buɗe ta, wani kunkuru mai tabarau ne zai leƙo yana murmushi a gindin wani dogon tsani. Ka ci tambayoyi, ya hau da kai mataki ɗaya. Wai tsanin na kowa ne, daga ɗan shekara biyar har wanda yake jami'a, kuma ita manhajar da kanta take auna kan mutum ta ba shi daidai ƙarfinsa.

Ɗigo 'yata ce, ita kaɗai Allah ya ba mu. Shekararta bakwai, ajinta biyu, kuma sunan ya bi ta ne tun ranar da kakanta ya karɓe ta a zani ya ce wannan ai ɗigon mutum ce. Da yake ba ta da waya, sai na saka mata manhajar a wayoyi uku da sunanta: tawa, da ta babanta wanda yake tuƙa motar haya, da ta kakan nata, surukina, da yake zaune tare da mu. Duk wadda ta samu a kusa sai ta ɗauka. A lokacin har yaba wa kaina dabara na yi.

Makonnin farko sai ka ce an ba ta sarauta. Tana dawowa daga makaranta, ko takalmi ba ta cire ba, za ta baje a kan tabarma tana ƙirga da yatsu, bakinta yana motsi. In ta ci, kunkuru ya tafa, ita ma ta tafa masa. Da guminta ta kai mataki na shida, ta zo ta nuna mini taurarinta ɗaya bayan ɗaya.

Daga nan kuma sai ta fara gudun wayar. In na miƙa mata, cikinta yake ciwo. In na matsa, sai ta karɓa ta zuba wa allon ido kamar an ba ta wasiƙa da wani yare, ta ajiye. Na yi faɗa har na gaji. Na ce mata malalaciya, na ce ɗoki ne dama irin na yara, ya ƙare. Wannan kalmar ta malalaciya har yau tana ci mini rai.

Shi kuwa kunkuru ba ya gajiya. Ina shago, ni da ɗinkin labule nake yi, allura a baki, yadi mai tsawon mita shida ya cika teburi, sai waya ta yi ƙara. "Ɗigo ba ta yi darasin yau ba. Sarƙarta ta kwana arba'in a jere tana darasi za ta tsinke." Ga hotonsa nan ya cire tabarau yana share hawaye. Mutum da girmansa, zane ya sa shi jin kunya. Ranar farko na ce bari in yi mata tambaya uku kawai don kada sarƙar ta tsinke, in ta huce ta ci gaba. Washegari ma haka. Tambayoyin rabi da kwata kuwa ko tunani ba na yi, abin da nake yi da tef ɗin awo ke nan tun safe har yamma. Na ga dai lambar matakin tana hawa da sauri fiye da abin da nake yi, amma na ce ƙila haka manhajar take, wa ya san cikin kunkuru.

Wata Talata na je ɗauko ta, sai na tarar Malamar ajinsu tana jirana a bakin ƙofa. Ɗigo tana can ƙarshen aji ta kifa kai a kan tebur.

"Maman Ɗigo, shigo mu zauna," in ji Malama. "Yau na yi abin da na yi nadama."

Ta ce su malamai suna ganin matakin kowane yaro a nasu allon. Ɗigo tana mataki na talatin da ɗaya, ta wuce kowa a makarantar, har 'yan aji shida. Don murna sai ta ja ta zuwa aji biyar, ta ce wa manyan yaran su zo su ga ƙanwarsu ta koya musu lissafi. Ta rubuta tambaya a allo, ta ba ta alli.

"Minti biyar tana tsaye. Ko layi ɗaya ba ta ja ba. Yaran suka fara dariya, allin ya karye a hannunta."

Malama ta juyo mini da wayarta, ta nuna jerin lokutan da aka yi darussan. Ta ce ita ma sai bayan abin ya faru ta duba. Sha ɗaya da rabi na safe, kusan kullum. Wannan nawa ne, lokacin da nake shan ruwa in huta. Amma ga shida da kwata na safe, ga kuma biyu na rana, wani lokaci awa guda cur ana yi.

"Ƙarfe biyu tana gabana a aji," in ji Malama. Da zagina ta yi, da ya fi mini sauƙi.

Muka kama hanya ni da Ɗigo har muka kusa gida. Ta ce, ba tare da ta ɗago kai ba, "Umma, da ina ganewa. Yanzu kaina ya lalace. Kunkuru yana ba ni abin da ya san na iya, ni kuma na manta."

Na riƙe hannunta kawai.

Da yamma na tura ta gidan maƙwabta, na tsare mazan biyu a falo. Na fara da maigidan.

"Baban Ɗigo, ƙarfe biyu na rana me kake yi?"

"Ina tasha mana, ina jiran layi ya zo kaina."

"Da wayarka a hannu?"

Ya sosa ƙeya. Wai zaman jira ne ya ishe shi, kunkuru kuma ya dame shi da kuka, sai ya taɓa sau ɗaya. Da ya ji daɗin abin, sai sauran direbobi suka zagaye shi. Akwai wani a cikinsu da ya taɓa yin shekara biyu a kwaleji, shi ake kira in ta yi tsauri. Ashe tasha guda ce take hawa tsanin 'yata.

"Ai taimaka mata nake yi," in ji shi. "Na ga lambar tana hawa, na ce yarinyar nan ta gado ni."

"Ta gado ka da wa? Da mutum goma sha biyu?"

Baba, surukina, yana kujerarsa yana kallon bango kamar ba da shi ake ba. Shekara talatin ya yi yana aikin awon filaye kafin ya ajiye, kuma ba a yi masa maganar lissafi a tsaye. Na rage murya.

"Baba, na shida da kwata fa?"

"Ni ban san wani shida da kwata ba." Ya gyara zama. "Dabbar nan ce take tashina da kuka. Kuma tambayoyin da take yi wa yarinya raini ne. Na ce bari in ga iyakarta."

"Kun ga iyakar tata?"

"Ba ta da iyaka, 'yar nan. Jiya har kusurwa ta tambaye ni." Sai da ya faɗa da alfahari sannan ya ga fuskata, ya mayar da ido bango.

Maigidan ya juyo. "To na sha ɗaya da rabi fa, Maman Ɗigo? Aljanu ne?"

Na so in ce nawa tambaya uku ce kawai a rana. Mu uku, kowa yana ɓoye wa ɗan'uwansa, kowa yana ganin alheri yake yi, muka ɗauki yarinya muka ɗora ta inda ƙafarta ba ta kai ba, ni kuma na tsaya a ƙasa ina ce mata malalaciya.

Na ɗauka gyaran mai sauƙi ne. Na shiga ko'ina a manhajar ina neman inda ake mayar da mutum baya, babu. Akwai wurin sauya wa kunkuru hula, akwai wurin sauya masa murya, amma na saukowa babu. Na rubuta wa masu manhajar, kunkurun da kansa ya amsa yana taya ni murna da ƙoƙarin Ɗigo. Saura kaɗan in buga wayar da bango. In an goge sunanta kuma, taurarinta na gaskiya za su tafi tare da na ƙarya. Malama ce ta gaya mini hanya ɗaya da ta rage: duk kuskure uku a jere, yana sauko da mutum mataki ɗaya. Daga talatin da ɗaya zuwa shida, kuskure saba'in da biyar ke nan.

Ranar Asabar da hantsi muka zauna a kan tabarma, muka kira Ɗigo. Ni na gaya mata, don ni na zage ta. Na ce kanta lafiya lau, mu ne muka yi mata darussan a ɓoye, shi ya sa kunkuru ya ɗauka ta girma. Na ce ta yafe mini. Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"Har Kaka?"

"Har ni," in ji Baba, murya ƙasa-ƙasa.

"To taurarin ba nawa ba ne?"

"Na mataki shida na farko naki ne. Babu wanda ya taɓa su."

Muka fara faɗuwa da gangan, wayar tana zagaya mu. Ban san kuskure yana da wuya haka ba. Maigidan ya yi ta dannawa da ka, sau biyu ya ci bisa tsautsayi, aka koma farkon ƙirga. Baba kuwa in ta zo hannunsa sai yatsansa ya tsaya a sama.

"Baba, ku danna ta hagu."

"Ta hagu ba daidai ba ce."

"Ai shi ake so."

"Shekara talatin ban taɓa sa hannu a kan awon ƙarya ba." Ya danna daidai, kunkuru ya tafa, ni da ɗansa muka yi salati tare. Ɗigo ce ta matso ta kama yatsansa da hannu biyu.

"Kaka, ba zafi. Ni kullum ina yi."

Ta danna masa a kan kuskuren. Daga nan bai ƙara gardama ba, sai dai kowace faɗuwa yana rufe ido kamar ana yi masa allura.

Sai bayan azahar muka iso mataki na shida. Tambaya ta fito: takwas a tara da biyar. Na miƙa mata. Ta ɓoye hannu a ƙarƙashin rigarta tana ƙirga, ta danna sha uku. Kunkuru ya tafa. Na jira ta tafa masa kamar da, amma sai ta ɗago ta dubi hannayenmu, nawa da na babanta da na kakanta, ta tabbata babu wanda yake riƙe da waya.

"Ku cire shi daga naku," in ji ta.

Suka cire a gabanta, Baba har da nuna mata allon. Sannan ta ɗauki tawa ta shiga ɗaki ta tura ƙofa. Muka zauna a falo muna saurare. Ƙarar kuskure ta fito, aka yi shiru, ta sake fitowa. Na san in ta yi na uku zai sauko da ita, na ji na miƙe tsaye ban sani ba. Baba ya kama gefen mayafina.

"Zauna, 'yar nan," in ji shi. "Ba a kira mu ba."

Na koma na zauna, na tura hannayena biyu ƙarƙashin cinyata.